Tashar da Ba Ta Yi Damina Uku Ba

Tunda Auta ya dawo gida bayan shekaru a waje, bakinsa bai huta da mita ba. Garin ya girma ya bar shi. Ba aiki, ba abokai, ko hanyar gidansu sai da ya yi tambaya. Kullum magana ɗaya: shi komawa zai yi.

"Ka koma mana, wa ya riƙe ka?" in ji yayarsa. "Amma fara karɓo wa Inna tukunyar gas, rana ta kusa faɗuwa."

A dawowa ya yanke ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Nan ya hau jirgi ranar da ya bar gida, fentinta ko bushewa bai yi ba. Don ma'aikatan sabuwar unguwa aka gina ta, amma ba ta yi damina uku ba aka shimfiɗa titi, motoci suka kwashe fasinja. 'Yan gwangwan suka ɓalle ƙarafan, aka yi gidaje a kan layin. Dakali kawai ya rage.

Ya dire tukunyar ya ja tsaki. "Ina ma jirgi ya zo ya fitar da ni daga garin nan!"

Hayaniyar unguwa ta ɗauke ɗif.

Warin baƙin mai ya bugi hancinsa. Dakalin ya fara rawa. Wata fitila ta ɓullo ta cikin katangar wani gida, katangar ko tsagewa ba ta yi ba.

Jirgi ya tsaya. Ƙofa ta buɗe.

Fasinjoji maƙil, kowa da jaka a cinya. Ba mai ƙifta ido.

"Kai ne mai tafiya?" in ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Cikon ɗaya muke jira."

Ƙafarsa ta hagu ta ɗaga da kanta, ta taka matakala. Sanyi kamar ƙanƙara.

"Ina... ina za shi?"

"Ba ya isa ko'ina. Tafiya kawai."

Jirgin ya motsa.

Auta ya ƙwalla salati, ya wurga kansa baya. Ƙeyarsa ta daki siminti. Jirgin ya tafi da takalminsa na hagu.

Da rarrafe ya kai titi.

Daga baya har tikitin motar barin gari ya saya, amma da ya ga ƙofar motar a buɗe sai ya juyo. Yana nan gida. Kullum rana ta doshi faɗuwa, ƙafar hagun nan sai ta yi sanyi ta fara jansa waje, shi kuwa ya zauna gefen gado ya danne ta da hannu biyu.