Jini a Rigar Filo

Ƙanwata ce ta fara ba ni labarin nan. Katanga ɗaya ce tsakaninta da gidan da abin ya faru, kuma ita ba ta iya ƙarin gishiri ba. Ku matso, 'yan mata, da ku nake.

Auta da mijinta Kafinta auren so suka yi, irin wanda har maƙwabta ke tsokana. Shekara biyu lafiya lau. A ta uku sai Kafinta ya fara ramewa. Likita ya ce ciwon suga ne, ya rubuta masa magani. Yana sha a kan ƙa'ida, Auta ta raba shi da duk wani abin zaƙi, amma duk ranar awo sai sugan ya ƙi sauka.

Akwai kuma abin da Auta kaɗai ta lura da shi. Kullum da safe sai ta tarar da ɗigon jini a rigar filonsa. In ya goge baki, kumfar ja take fitowa, shi kuwa ya ce taurin buroshi ne. Ga wari. Allah ya yafe mini, amma wari ne mai korar mutum. In ya matso zai yi mata hira, sai ta kau da kai kamar tana neman allura a ƙasa. Da wane baki za ta ce wa mijinta bakinsa na wari? Sai ta riƙa zare rigar filon tun bai gani ba, ta wanke, ta shanya a bayan kicin. A ganinta rufin asiri take yi masa.

Shi kuwa abu ɗaya ya gani: matarsa ta daina kallon fuskarsa. Sai ya daina hira. Ya dawo daga shago da garin katako a gashi, ya zauna can ƙarshen kujera kamar baƙo.

Wata rana da hantsi, yana gida saboda kasala, Inna mahaifiyarsa ta faɗo ko sallamar kirki babu.

"Ke! Zo nan. Me kike yi wa ɗana?"

"Sannu da zuwa, Inna. Ga ruwa—"

"Riƙe ruwanki! Dubi mutum ya koma kamar ƙusar shagonsa. An ce mini ko kusa da shi ba kya zama. Da yana da kumatu kina maƙale da shi, yanzu ciwo ya zo kin fara ƙyama? Ɗauko jakarki. Ni zan yi jinyar abina."

Auta ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai.

"Inna, in tana son tafiya ta tafi," ya ce a hankali. "Ba na son a zauna da ni don tausayi. Wata huɗu ke nan, da na buɗe baki sai ta juya mini ƙeya."

Sai Auta ta gane. Ashe shirun nata ne ke kashe auren! Ta ruga ɗaki, ta fito da rigar filon da ba ta kai ga wankewa ba, ta shimfiɗa a gabansu tana kuka.

"Wallahi ba ƙinka nake yi ba! Bakinka ne... jini yake yi, kuma yana... yana wari. Sori, don Allah sori! Kunya ce ta hana ni faɗa."

Kafinta ya hura numfashi a tafin hannu, ya shinshina.

"Wari? Shi ke nan? Ba gajiya kika yi da ni ba?"

"Wace gajiya!"

Sai ya fashe da dariya har da hawaye. "Alhamdu lillahi! Ni na ɗauka so ne ya ƙare!"

"Buɗe in gani," in ji Inna. Ta leƙa, ta yi baya da sauri tana danne hanci da gefen mayafi. "Innalillahi! 'Yar nan, a haka kika yi wata huɗu? Yafe mini. Ni minti ɗaya ma na kasa."

A ranar nan su ukun suka tafi wajen likitar haƙori. Ta duba, ta ce dasashinsa ya kumbura, har ya fara janyewa daga haƙora.

"Baki ba gida ne daban da jiki ba," in ji ta. "Ciwon dasashi na sa suga wuyar sauka, suga mai yawa kuma na ƙara lalata dasashi. Kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Ka ci gaba da maganinka, nan kuma mu za mu gyara."

Sau uku ya koma tana kankarewa tana wankewa. Ta koya masa goge baki safe da dare da buroshi mai laushi, da sa zare tsakanin haƙora don fitar da ragowar abinci. Jinin ya ɗauke. Bayan wata uku awo ya fara kyau, kumatu suka dawo, kujerar nan kuma ta sake yi musu yawa, don a kusurwa ɗaya suke cunkushewa.

To, ku ji ni da kyau. Haƙurin Auta ya riƙe mata aure, amma shirunta ya kusa kai mijin ƙasa. Ɓoye wa mutum ciwonsa ba ladabi ba ne. Ki faɗa da taushi, amma ki faɗa. Kuma jini a baki ba abin wankewa a shanya ba ne, na kai wa likita ne.

Ni dai washegarin da na ji labarin, tun kakanku bai gama shan shayi ba na miƙa masa hularsa.

"Ina za mu, tsohuwa?"

"Wajen likitar haƙori. Akwai maganar da na yi shekara goma ina haɗiyewa, a hanya zan faɗa maka."