Tauraron da Bai Ɓace Ba

Ƙarfe biyun dare na kafa madubin hangen nesana a wata gona bayan garin Dangoma. Wani dutsen sararin samaniya zai gifta ya rufe tauraro daƙiƙa shida, ni kuma in danna agogo in auna lokacin.

Kwaɗi suka yi tsit.

"Malam, mi kaka nema ga sama?" in ji muryar wani dattijo dab da ni. Ban ji takun kowa ba.

Ban ɗago daga madubin ba. "Baba, don Allah kar ka shiga gaban madubin, za ka tare min tauraron."

"Ai tun ɗazu nan nike tsaye."

Na ɗago. Dogon tsoho ne, ƙirjinsa manne da bakin madubin. Na sake leƙawa ta madubin.

Tauraron na nan, yana ƙyalli ta cikin ƙirjinsa.