Shaidar da Aka Ƙi Karɓa

Ranar da Nuruddeen ya fara ganin Halima Sadiya, wasiyya aka kira shi ya rubuta. Malamin firamare ne ɗan Karaye da aiki ya kai shi Zoza, bai san kowa ba sai ɗalibansa. Mai wasiyyar, Malam Mijinyawa, yana kwance ba lafiya, liman na gefensa, ita kuma ta shigo da ruwa kanta a sunkuye.

"Rubuta, malam," in ji tsohon. "Wannan yarinya riƙonta na yi tun tana goye, ba ta da gado a gidana. Na bar mata gonar bakin rafi. Ba ta kai sulusin dukiyata ba, ka ga ban shiga haƙƙin magada ba."

Nuruddeen ya rubuta. Da ya ɗaga kai suka haɗa ido, ta yi sauri ta fita.

Wata biyu bayan haka tsohon ya rasu, kafin kaka liman ma ya bi shi. Maikuɗi, babban ɗan mamacin, ya ce shi bai san da wata wasiyya ba. Halima ta koma ɗakin tsohuwa Lami, ƙanwar marigayin, mutanen gidan suka daina amsa gaisuwarta. Daga ƙarshe ta kai ƙara kotun shari'a a Rogo.

Ta tura wa Nuruddeen saƙo: "Malam, ina wuni? Kai kaɗai ka rage da ka ji maganar Baba. Ko gaisuwa ba ka zuwa."

Ya amsa: "Zan zo kotu insha Allahu. Ki yi haƙuri."

Ta ɗauka gudunta yake kamar kowa, ta sha kukanta ita kaɗai. Shi kuwa tsoro yake kada a gan shi a ƙofar gidansu a ce shaidarsa ta son rai ce. A Karaye mahaifiyarsa, da ta ji yana yawan zancen yarinyar, ta riga ta ja masa kunne: "Yarinyar da ta maka gidan da ya rene ta a kotu, ba da yawuna ba."

Ranar zama, bayan Nuruddeen ya ba da shaida, Maikuɗi ya miƙe.

"Allah ya gafarta malam, ina da suka. Wannan mutumin sonta yake."

Alƙali ya dubi Nuruddeen. "Gaskiya ne?"

Nuruddeen ya san kalma ɗaya za ta iya raba Halima da gonar.

"Gaskiya ne. Tun ranar da na rubuta takardar. Ban taɓa faɗa mata ba, amma ina so na aure ta."

Halima ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Alƙali ya ce shaidar da ke da tuhuma ba za ta tsaya ba. Tunda mai ƙara ba ta da wani shaida, rantsuwa ta hau kan wanda ya musa. Aka ce Maikuɗi ya yi alwala ya rantse bai san da wasiyyar ba. Ya je ya yi alwalar, ya dawo ya tsaya gaban Alƙur'ani, ya daɗe bai ɗaga hannu ba.

"Baba ya faɗa mini," ya ce a hankali. "A ba ta gonarta."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Ashe a gaban alƙali ake fara zance? Saura kaɗan ka jawo mini asara."

"Na kasa yin ƙarya a kanki, Sadiyata. Kin yafe mini?"

"Na yafe, Nurina. Wata biyar ina zaton ba ni da kowa."

Lami ce ta hau mota har Karaye ta zauna da mahaifiyarsa.

"Yarinyar nan ba gidan ta kai ƙara ba, Hajiya, maganar mamaci ta tsare. Ɗanki kuma ya faɗi gaskiya a inda ta fi ɗaci. Ina za ki samo masa irinta?"

Mahaifiyar ta tambayi wane launin atamfa yarinyar ta fi so.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a Zoza. Da aka nemi wanda zai karɓi sadaki a madadin amarya, Maikuɗi ne ya matso gaba.

"Ƙanwata ce," ya ce. "Allah ya ba su zaman lafiya."

Jama'a suka amsa da amin.