Auta Ta Koma Aji

Auta ta shigo falo da takardar sakamako a hannu, ta zube kusa da ƙafar Umma ko jaka ba ta cire ba. Ta ci jarrabawar share fage ta kwaleji, amma da ƙyar: C a bayoloji, C a kemistiri, D a fizis. Sashen harhaɗa magunguna da take buri tun tana sakandare ba ya ko kallon irin wannan maki. Malamar da ke ba ɗalibai shawara ta ce zaɓi biyu gare ta: ko ta karɓi wani kwas da makinta ya kai, ko ta maimaita darussan uku, shekara guda cur.

Ga shi saura wata huɗu aurenta da Tela, saurayin da ke da shagon ɗinki a bakin layinsu. Ita kuwa ta san abin da ya ci makinta, hirar waya ce da zumuɗin aure. Don haka ta ce za ta maimaita, kuma a ɗaga auren.

Gwaggo, yayar Abbansu, ta ajiye kofin shayi.

"Ke Auta, ci ai ci ne! Kin taɓa ganin wanda ya haye rafi ya koma don bai yi iyo da kyau ba?"

Umma kuwa tsoronta kada yaron kirki ya kuɓuce musu. Abba ya ce shi bai hana ba, amma ita za ta faɗa wa Tela da bakinta.

Kafin ta faɗa, zance ya riga ta isa. Yayyensa mata suka ce ai dama idonta ya buɗe, likita take hange, ɗinki ya yi mata kaɗan. Kwana goma Tela bai kira ba. Auta ta sha kuka, ranar sha ɗaya ta wanke fuska ta same shi a shago yana datsa wuyan riga. Bai ɗago ba.

"Ni kike gudu, ko kemistiri kike bi?"

"Da gudunka nake, da na karɓi kwas ɗin da aka ba ni na huta. Ina tsoron in shiga gidanka da haushin abin da na bari, wata rana in ɗora maka laifin."

Ya daɗe yana juya almakashi, sannan ya yi dariya, ya ce shi ma ya san da hannunsa a wannan D ɗin. A ranar ya je ya rarrashi mahaifiyarsa, ya ce shi ya amince, duk mai magana ta zo ta same shi.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Auta ta zauna aji ɗaya da ƙannen ƙawayenta, suna ce mata Anti. Tela ya kafa doka, waya minti goma kacal, sai ranar hutu ya zo da katunan da ya yanka daga kwalin yadi yana yi mata tambayoyi, yana karanta sunayen sinadarai kamar sunayen aljanu, har Umma na dariya daga kicin.

Da sakamako ya fito, A biyu da B ɗaya. Sunanta ne na bakwai a jerin waɗanda sashen ya ɗauka. Bayan wata biyu aka yi auren, yayyen ango na gaba-gaba wajen kiranta matarmu. Gwaggo kuwa ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya tana cewa ai ita ta ba yarinyar shawarar ta maimaita.

Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Wanda yake sonki don Allah, shekara ɗaya ba za ta kore shi ba.