Kwaɗon da Aka Yi wa Lalle

Ya kai mai karatu mai daraja, yaro ne kai ko yarinya, a aji kake zaune ko a gefen mahaifiyarka, ina yi maka sallama, tare da fatan wannan shafi ya same ka cikin ƙoshin lafiya da natsuwa. Da gangan na ce natsuwa. Na daɗe riƙe da alli a gaban allo, tun zamanin da ɗalibai ke miƙewa tsaye idan malami ya shigo, kuma ban ga cutar da ta fi addabar yara kamar rashin haƙurin jira ba. Saboda haka gyara zamanka, daina kaɗa ƙafa, ajiye wayar nan. Abin da zan ba ka labari a gabana ya faru, a unguwar Malaz ta birnin Riyad, inda nake zaune wurin ɗana tun da na ajiye aikin koyarwa. A cikin labarin za ka haɗu da wani dattijo mai ilimi da kamala. Ni ne. Amma ladabin rubutu bai yarda mutum ya yi ta cewa "ni, ni" ba, don haka zan kira shi Kaka, kamar yadda jikarsa ke kiransa.

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke ce mata Auta. Yarinya ce mai kirki, sai dai ba ta iya jira. In an ɗora shinkafa, sai ta yi ta buɗe tukunya. In lif ya yi jinkiri, sai ta bi matakala a guje.

Mahaifinta, Malam Maulud, yana aiki a wani shagon sayar da kifaye da tsuntsaye. Mai shagon ya ba shi kiwon wasu ƙananan kwaɗi da aka kawo daga ƙasashen sanyi. Bayansu kore ne da ɗigon baƙi, cikinsu kuwa ja wur kamar garwashi. Shi ya sa ake ce musu masu cikin wuta. Zafin Riyad na iya kashe su, don haka akwatinsu na gilashi yana gidan su Auta, a ɗakin da na'urar sanyi ba ta hutawa.

Da hunturu ya zo, Abba ya rage musu abinci, ya bar su su huta cikin sanyi. Da ya wuce, ya riƙa yayyafa musu ruwa kamar damina ta sauka. Sai mazan suka fara kuka a hankali, matan suka zuba ƙwai a jikin ganye. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, 'ya'ya masu jela suka fito. Daga baya suka yi ƙafafu, jelar ta ɓace.

Mai shago ya ji daɗi, ya ce a ba Auta guda ɗaya. Ta raɗa masa suna Jatau.

Sai dai Jatau ba ja ba ne. Cikinsa fari-fari ne, da ɗan ruwan ɗorawa. Kullum Auta sai ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gilashi.

"Abba, yaushe zai yi ja?"

"In ya girma."

"Yaushe zai girma?"

"Shekara guda, ko biyu. Sai ya ci gyaren da aka ciyar da karas, sannan jan ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan."

"Shekara biyu? Ai kafin nan na tsufa kamar Kaka."

Kaka ya sauke tabarau. "Amarya, tsufa irin nawa ba a samunsa da gaggawa. Sai an jira."

Wata rana malamar kimiyya, wadda yara ke kira Abla, ta ce kowace ɗaliba ta kawo wani abu mai rai a mako mai zuwa, ta yi wa aji bayaninsa. Auta ba ta jira an kira ta ba.

"Ni ina da kwaɗo mai cikin wuta," in ji ta.

Sumayya, wadda ke zaune kusa da ita, ta taɓe baki. "Ja sosai?"

"Ja wur. Ya fi jakarki ja."

"To, za mu gani. In ba ja ba ne, daga ranar sunanki Kazzaba." Kazzaba kuwa da Larabci maƙaryaciya ake nufi.

Tun daga ranar Auta ta rasa sukuni. Ta zauna, ta tashi. Ta leƙa Jatau kafin cin abinci, ta leƙa shi bayan ta ci. Cikin nan yana nan yadda yake.

Ran Juma'a da la'asar, Mama ta kwaɓa lalle da lemun tsami, domin gobe akwai suna a unguwar Nasim. Ta rufe kwanon, ta haura sama wurin maƙwabciya aron gyale. Abba ya koma shago. Kaka na ɗakinsa yana karatu.

Auta ta dubi kwanon. Ta tuna yadda tafin hannun Mama ke komawa ja bayan an wanke ƙunshi. Zuciyarta ta ce mata, abin da shekara biyu za ta yi, lalle zai yi shi kafin magariba.

Ta lakato lalle da yatsa. Ta kamo Jatau. Ɗan kwaɗon ya gantsare, ya ɗaga hannuwa da ƙafafu, domin haka irinsu ke yi in sun tsorata. Auta ba ta kula ba. Ta shafe masa ciki, ta sa shi a kofi, ta rufe da faranti don lallen ya kama.

Ko a nan ma ba ta iya jira ba. Ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Gashi ya faɗo mata a fuska, ta sa hannu ta murza ido.

Sai ta ji kamar an zuba mata yaji.

"Wayyo idona!"

Kaka ya fito da littafi a hannu. Mama ma ta sauko da sauri. Ta ja Auta zuwa famfo, ta yi ta wanke mata ido har zafin ya lafa.

"Me kika taɓa?" in ji Mama.

"Ba komai."

Mama ta kama hannunta ta ɗaga. Yatsa ɗaya ya yi ja.

"Ba komai ne ya yi miki ƙunshi a yatsa ɗaya?"

Kaka ya ɗaga farantin. Ga Jatau kwance cikin lalle, idanunsa a rufe, ba ya motsi.

Auta ta fashe da kuka. "Ya mutu? Kaka, ya mutu?"

"Maƙogwaronsa na motsi," in ji Kaka. Ya juya ga Mama. "Bilƙisu, kira mini Maulud."

Abba ya yi magana ta waya, muryarsa ba wasa. Ya ce kada a sa masa ruwan famfo, a ɗauko ruwan da ya kwana a jarka. Ya ce a ɗauraye shi a hankali, a mayar da shi kan jiƙaƙƙen ganye, a bar shi.

Da ya dawo gida, ya zaunar da Auta.

"Kin san ta ina kwaɗo ke shan ruwa?"

"Ta baki."

"A'a, ta fatar cikinsa. Duk abin da kika shafa masa, kin ɗura masa ne. Lemun tsamin nan ƙona shi yake yi. Abin da ya shiga idonki kuma, ruwan jikinsa ne da yake kare kansa da shi. Shi ya sa nake wanke hannu duk lokacin da na taɓa su."

"Abba, ka yi haƙuri. Tsoro na ji kada a ce mini Kazzaba. Zai warke?"

"Ban sani ba. In ya ci abinci, ya tsira. Sai mu jira."

Jira kuma. Babu kalmar da Auta ta ƙi ji kamar wannan.

Washegari Jatau ya ɓuya ƙarƙashin ɓawon itace. An saka masa gyare, bai fito ba. Auta ta ƙi zuwa suna. Ta yi ta kai da komo a gaban akwatin, tana ƙwanƙwasa gilashi, tana gaggauta shi da Larabci, "Yalla, Jatau, yalla, fito."

"Amarya," in ji Kaka, "in ƙaton da ya yi miki wannan aika-aika yana sintiri a ƙofarki, za ki fito cin tuwo?"

Auta ta tsaya. "To, me zan yi?"

"Abin da ba ki taɓa yi ba. Zauna."

Ta zauna a kan darduma, ta naɗe ƙafafu. Ƙafarta ta so kaɗawa, ta danne ta da hannu. Hancinta ya yi ƙaiƙayi, ta ƙyale shi. Ta ji ƙarar motoci a titi, ta ji an kira sallar la'asar, ta je ta yi, ta dawo ta sake zama. Ranar bai fito ba.

Kashegari Lahadi, ranar da ake komawa makaranta a can, bayan an tashi ta sake zama. Can sai ɓawon ya motsa. Ɗan kai kore ya leƙo. Jatau ya dubi gyaren, ya daɗe yana dubansa. Sai ya yi tsalle, caraf, ya cafke shi, ya tura shi baki da hannuwansa.

Auta ta buɗe baki za ta yi ihu, sai ta toshe shi da tafi. Ta lallaɓa ta fita, ta raɗa wa Mama a kunne, "Ya ci."

Ranar kimiyya ba ta ɗauki Jatau ba, domin Abba ya ce mai jinya ba ya shiga rana. Hotonsa ta kai, da na iyayensa. Ta tsaya gaban aji, ta ɗaga jan yatsanta, ta faɗi duk abin da ta yi.

"Na ce ja ne, alhali bai yi ja ba tukuna," in ji ta. "Yaro ne. Sai ya girma."

'Yan aji suka yi dariya, amma ba wadda ta ce mata Kazzaba. Abla ta ce ta riƙa kawo sabon hoto duk wata, a manna a bango, aji duka su ga yadda jan ke fitowa. Da aka tashi, Sumayya ta matso ta ce, "Zan iya zuwa gidanku in gan shi?"

"Ki zo," in ji Auta, "amma sai kin iya zama shiru."

To, ya mai karatu, ga darasin a fili. Kowane abu mai rai yana da lokacinsa, kuma ba a shafa wa yaro girma da yatsa. Wanda ya ƙi jira yakan cuci abin da yake so. Magabata sun ce sauri ya haifi nawa.

Amma laifi ba ya tafiya haka nan. Da yamma Kaka ya sa babbar riga, ya zauna a kujerar tsakiya, ya kira mai laifi gabansa.

"Ga hukunci," in ji shi. "Za ki yi hidima har ranar da Jatau ya balaga ya yi kukansa na fari."

Abba ya yi gyaran murya. "Baba, maza ne kaɗai ke kuka. Ba a gane mace ko namiji sai sun girma."

"In kuma mace ce fa?" in ji Auta.

"Sai ta zuba ƙwai," in ji Kaka. "Kotu ba ta gaggawa."

Tarar da na ci ta kuwa ita ce: karas guda kowace safiya kafin ta tafi makaranta, ta goge shi da hannunta, ta zuba wa gyaren Jatau, ta wanke hannu, sannan ta zo ta gaishe ni a zaune, ba tare da kaɗa ƙafa ba.