Sunan da Ke Shafin Farko

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo a kan rufin gidan Moegsien a unguwar Athlone. A lokacin yana bakin ƙofa shi da Riedwaan, wan matarsa, suna kan musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Wasa ɗaya suke yi, shi ya haɗa su faɗa. Mutum zai ɓoye ɗan akwati da littafi a ciki, ya sa lambobin taswirar wurin a waya, 'yan wasa su bi su gano, kowa ya rubuta sunansa. Wanda ya fara ganowa shi ke da baki, mai ɓoyewa kuwa ba ya cikin masu nema. Moegsien ya cusa nasa a kogon wata tsohuwar bishiya a kan hanyar hawa Dutsen Tebur. Riedwaan ya yi sammako, ya ƙuje gwiwa, ya buɗe littafin, sai ga sunan Faldiela, 'yar Moegsien, a shafin farko.

"Yarinyar da ko shago ba ta zuwa da ƙafa?" in ji Riedwaan. "Kai ka rubuta don kada na riga kowa. Na san hannunka."

"Yaya, in hawa ya gagare ka, ka koma akwatunan bakin titi na tsofaffi."

Dutse na biyu ya faɗo, na uku ya bi shi. Suka leƙa titi, babu kowa, ko kare bai yi haushi ba. A ɗakin girki kuwa miya na ƙonewa, Faldiela na tsaye da ludayi a hannu, tana kallon bango, tana magana da muryar wani dattijo.

Kwana huɗu ana haka. Rana na faɗuwa duwatsu su fara, yarinya ta ƙame, ba ci ba sha, har ta daina amsa sunanta. Moegsien, mutumin da ko kura ta kama shi ba zai ce ya yi kuskure ba, tsoro ya kama shi, amma ya ƙi amsa laifinsa. Uwar yarinyar ce ta gaji ta ɗauko Malam Toyer, mai ruƙiyya.

Malam ya zauna kusa da ita, ya daɗe yana karatu a hankali, sannan ya ce, "Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"A kogon nan nake tun kafin a haifi kakanku," muryar ta amsa. "Ba wanda ya taɓa gano ni. Sai aka kawo littafi har gidana, aka rubuta ita ta fara. Na ji dokarku, wanda ya fara gano abu, nasa ne. Ga ni na zo."

"Ba ta taɓa taka wurin ba," in ji Malam.

"To wa ya sa hannu a kogona? A goge ƙarya a rubuta gaskiya, sai na bi mai sunan."

Malam ya ƙi, ya ce a dai ɗauke akwatin a bar wa aljanin kogonsa. Muryar ta yi dariya, wuyan yarinyar ya fara lanƙwasa baya. Riedwaan, wanda ya sauko da littafin don kafa hujja, ya tura shi cikin aljihu.

"A bar maganar, Moegsien. Na yafe."

"Ba ni littafin, Yaya."

Ya karɓa, ya soke sunan 'yarsa, ya rubuta nasa. Faldiela ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta ce, "Baba, ƙishirwa nake ji."

Ya miƙe zai ɗebo mata ruwa. Bai kai ƙofa ba ya tsaya cak, ya juya fuskarsa ga bango.

"Baba?" ta sake kira.