Belin Ghali

"Buɗe bakinka in gani."

Ghali ya ƙi. Yana tsaye a ƙofar otal ɗin da ke titin Liuhua Lu cikin farar shadda, yana wa Ramlatu murmushi baki a rufe kamar sabuwar amarya.

"Ghali, na ce ka buɗe!"

Ya buɗe. Haƙori ɗaya na gaba babu shi, leɓen sama kuma an ɗinke shi da baƙin zare.

"Innalillahi... Yau? Yau da Abba zai fara ganinka?"

"A wajen atisaye ne jiya, rabin raina. Faifan da muke bugawa ya taho, ni kuma ina kan hanya..."

"Kullum kai ne a kan hanya!"

"To ai aikina ke nan. Ɗan baya ne ni."

Ramlatu ta juya masa ƙeya don kada ya ga hawayenta. Karatun haɗa magunguna ne ya kawo ta Guangzhou, zuciya kuma ta tashi ta kwaso mata ɗan wasan hokin ƙanƙara, sana'ar da ko sunanta ba a sani ba a Fagge. Ghali ɗan Kano ne, amma a arewacin China ya tashi, inda mahaifinsa ya yi aikin likita, can da kogi yake daskarewa yara su hau kai suna zamiya. Yanzu wata ƙungiya ce a nan take biyansa albashi don ya tare duk abin da ya nufo ragarsu.

Ita kuwa ta san mahaifinta. Tun ranar da yayarta Hasiya ta dawo daga gidan miji da karyayyen hannu, Alhaji Gidaɗo ya rantse ba zai ƙara ba wa mai saurin hannu 'yarsa ba. Idan ya ce a'a, Ramlatu ba za ta tsallake maganarsa ba, ko da son Ghali zai yi ajalinta.

Suka sami Alhaji a ɗaki, zaune tsakanin kwalayen leshin da ya zo sara. Ghali ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Alhaji ya amsa, amma idonsa yana kan leɓen nan.

"Wa ka yi faɗa da shi?"

"Ba kowa, Baba. Wasa ne."

"Wasa..." Alhaji ya jinjina kai. "Wasan da ake barin haƙori a fili?"

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Ni ɗan kasuwa ne, yaro. Ba na sayen kaya a rufaffen kwali. Ko kwantena zan ɗora sai na je tashar jiragen ruwa ta Nansha na gani da idona. Yaushe za ku yi wasan?"

"Gobe da la'asar, Baba."

"To, mu haɗu a can."

A bakin matakala Ramlatu ta tare Ghali.

"Don Allah, masoyina, gobe kada ka taɓa kowa. Ko tari aka yi maka ka ce sannu!"

"Ramla, hoki ne fa, ba gidan biki ba..."

"Ni dai na roƙe ka!"

Washegari suka isa filin ƙanƙarar da ke unguwar Tianhe. A waje rana kamar ta dafa ƙwai, a ciki kuwa sanyi ya sa Alhaji ya naɗe babbar rigarsa ya rungume hannuwa.

"Wannan ai firij ne. Ina yaron?"

"Ga shi can, Abba, kusa da mai tsaron raga."

Aka fara. Maza suna tsere a kan ƙarfen takalmi, sanduna na ƙara, ana bin wani ɗan baƙin faifan roba mai taurin dutse. Ba a jima ba wani ƙaton abokin hamayya ya taho a guje ya maka Ghali da bangon fili, har gilashin ya girgiza. Bai tsaya nan ba, ya ƙara masa da gwiwar hannu a ƙeya, alƙalin wasa kuma bai gani ba.

Ramlatu ta runtse ido. Shi ke nan, yanzu zai rama...

Da ta buɗe, Ghali ya miƙe, ya gyara hular kwanonsa, ya koma wajen tsayuwarsa ko waiwaye bai yi ba. Ta saci kallon mahaifinta. Fuskar nan a murtuke, ba ka karanta komai a kanta.

Can kuma aka ɗirko faifan da ƙarfin gaske wajen raga. Ghali ya zube a gabansa, abin ya same shi a cinya, ji kake tim! 'Yan kallo suka ɗauki sowa.

"Da gangan ya yi?" Alhaji ya tambaya.

"Eh, Abba. Shi ke tare wa mai tsaron raga."

"Hmm."

Hmm ɗin Alhaji kuwa, ko matarsa ba ta taɓa sanin inda ya dosa ba.

Ana dab da tashi aka matsa wa su Ghali lamba. Garin ya kawar da faifan daga gaban raga, sai ya ɗaga shi ya tsallake gilashi ya faɗa cikin 'yan kallo. Alƙali ya busa usur ya nuna shi. Aka buɗe wani ɗan kejin gilashi a gefen fili, Ghali ya shiga, wani ma'aikaci ya ja ƙofa ya rufe.

Alhaji ya miƙe tsaye. Ya tattare rigarsa ya fara sauka.

"Abba! Abba, don Allah ka tsaya in yi maka bayani..."

Ko juyowa bai yi ba. Ramlatu ta bi shi tana tuntuɓe, hawaye na zuba. Ya gani da idonsa an kulle mutum a bainar jama'a, me kuma ya rage? Ta fara tunanin yadda za ta yi wa Ghali sallama.

Sai dai Alhaji bai nufi ƙofar fita ba. Kejin ya dosa kai tsaye, ya shiga dukan gilashin da tafin hannu.

"Lawban! Kai, lawban! Buɗe masa!"

Ma'aikacin ya zaro ido yana girgiza kai. Sinancin Alhaji na cinikin leshi ne, daga "lawban", wato maigida, nan ya ƙare, sai ya koma Hausa ziryan.

"Wanda ya doke shi yana can yana yawo, shi da ya yi haƙuri ne za ku kulle? Wane irin zalunci ne wannan? In beli ne ni zan tsaya masa! Surukina ne, ku sake shi!"

Duk filin nan mutum biyu ne kawai suka ji abin da ya faɗa. Ghali ya miƙe a cikin kejin baki buɗe. Ramlatu ta dafe ƙirji, ta zauna a kan matakala tana kuka tana dariya. Nauyin da ta kwana da shi a zuciya ya sauka gaba ɗaya.

Hukuncin dama na minti biyu ne, kuma daidai lokacin ya cika. Ma'aikacin ya buɗe ƙofa, Ghali ya fice da gudu ya koma fili.

Alhaji ya gyara hularsa, ya dubi 'yarsa cike da gamsuwa.

"Kin gani? Mutanen nan sai an buɗe musu wuta. Da ban yi magana ba, a ciki zai kwana."

"Haka ne, Abba," ta ce tana share ido. Wa zai gyara masa? Ba dai ita ba.

Ta matso kusa da shi, ta sunkuyar da kai.

"Abba... me ka ce musu shi ɗin naka ne?"

"Ke, tashi mu koma mu zauna, sanyi zai kashe ni." Ya yi gaba kaɗan, sannan ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba. "In an tashi ki ce masa ya turo manyansa Kano. Yaron da aka doka a gaban jama'a ya haɗiye, ba zai ɗaga wa 'yata hannu a ɗaki ba."